Darasin Kasuwanci: Shugabancin Gidan Renon Yara a Azare da Yadda Ake Kiyaye Izni Kada Ya Mutu

Cikin sana'o'in da suka yaɗu a garuruwan Arewa a shekarun baya-bayan nan akwai buɗe gidan renon yara da makarantar nazare, wato inda iyaye ke kai 'ya'yansu tun suna goye har zuwa lokacin shiga firamare. Mutane da yawa sun ɗauka abin da sana'ar take bukata bai wuce gida mai ɗaki uku ba, da tabarmi, da kayan wasa, da allon suna a bakin ƙofa. Darasinmu na wannan fitowa zai nuna wa mai karatu cewa ainihin jarin wannan sana'a takardu ne guda uku: shaidar cancantar wadda za ta shugabanci gidan, da rajistar kasuwancin, da kuma iznin hukuma na buɗe wurin. Kowacce daga cikinsu tana da wa'adi ko sharaɗin da ake cikawa lokaci-lokaci. Wanda ya same su ya jefa cikin akwati ya manta, to, ya yi gini ne a kan filin aro.

Kasuwar da ake magana a kanta

Azare ita ce hedkwatar ƙaramar hukumar Katagum, kuma a nan fadar Sarkin Katagum take tun 1916 da aka ɗauko ta daga tsohon garin Katagum, wanda yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Zaki. Ita ce gari na biyu a girma a Jihar Bauci, tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Potiskum zuwa Maiduguri. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar sun kusa 300,000.

Amma ga mai neman zuba jari, yawan jama'a kaɗai ba ya nuna kasuwa. Abin dubawa shi ne yawan iyaye mata masu fita aiki ko karatu a kan lokaci ƙayyadadde. Ta wannan fuska Azare tana da rabo. Akwai babban asibitin Tarayya, inda ma'aikatan jinya ke aikin karɓa-karɓa dare da rana. Akwai Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya wadda aka kafa a 2021. A maƙwabta kuma akwai Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Jama'are. Sa'an nan ga bankuna da ofisoshin gwamnati. Dokar Ƙwadago ta ba mace mai haihuwa hutun mako 12 ne, saboda haka jariri ba ya cika wata huɗu uwarsa za ta fara neman inda za ta aje shi. A da, kaka ko ƙanwar miji ke ɗaukar wannan nauyi. Ma'aikaciyar da aka turo daga Gombe ko Jos kuwa ba ta da kowa a gari sai gidan reno.

Har ila yau, manufar ilmi ta ƙasa ta bar wa 'yan kasuwa wannan fage a fili. A bugunta na 2013 an raba ƙuruciya gida biyu. Daga haihuwa zuwa shekara 4 an bar shi a hannun masu zaman kansu da hukumomin jin daɗin jama'a, shekara ɗaya ta share fagen firamare kuwa an shigar da ita cikin ilmin bai-ɗaya da gwamnati ke bayarwa kyauta. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, a ajin 'yan shekara biyar zai yi gogayya da makarantar da ba a biyan ko kwabo, amma a sashen jarirai da 'yan yaye ba shi da abokin gogayya sai ɗan'uwansa mai zaman kansa.

Takarda ta farko: shaidar shugaba

Wajibi ne a bambance mai jari da shugaba. Kowa na iya zuba kuɗinsa ya gina gidan reno, amma wadda za ta tsara karatu, ta sa ido kan masu reno, ta amsa tambayoyin jami'an duba makarantu, dole ta kasance malama mai shaida. A Nijeriya mafi ƙarancin shaidar shiga aikin koyarwa ita ce NCE, wadda ake samu bayan karatun shekara uku a kwalejin ilmi. Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, wato NCCE, wadda aka kafa a 1989, ta ware fanni na musamman na reno da ilmin ƙananan yara, kuma shi ne ya fi dacewa da mai wannan niyya. Kafin a biya kuɗin makaranta, a tabbatar kwalejin tana cikin waɗanda NCCE ta amince da su, domin shaidar kwalejin da ba ta da amincewa ba ta wuce takardar ƙunshe ƙosai ba.

Wadda ba za ta iya barin aikinta ta koma aji ba tana da hanyoyi biyu. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana koyar da NCE ta hanyar karatu daga nesa. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya kuma tana ba da digiri a fannin ilmin ƙananan yara. Wadda kuwa take da digiri a wani fanni dabam, kamar tattalin arziki ko kimiyya, sai ta ƙara da difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE.

Samun shaidar makaranta rabin tafiya ne. Sauran rabin yana hannun Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wato TRCN, wadda Doka ta 31 ta 1993 ta kafa. Hukumar ta kasa malamai rukuni huɗu: rukunin A masu digirin digirgir, rukunin B masu digiri na biyu, rukunin C masu digirin farko, rukunin D kuma masu NCE. Tun daga 2017 sai mutum ya ci jarrabawar cancanta, wadda ake yi ta kwamfuta, kafin a sa sunansa cikin rajista.

A nan ne mutane da dama ke rikicewa, domin abu biyu TRCN take bayarwa. Na farko takardar shaidar rajista, wadda ke nuna an karɓi mutum cikin sana'ar. Na biyu lasisin koyarwa, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku. Sabuntawar tana tafiya da biyan kuɗin shekara-shekara, da halartar kwasa-kwasan ƙara wa juna sani da hukumar ta amince da su. Malama na iya riƙe da takardar rajista mai kyau a cikin firam, alhali lasisinta ya daɗe da mutuwa. Dokar hukumar ta ɗauki yin koyarwa ba tare da rajista ba a matsayin laifi, hukuncinsa tarar naira 5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun. Tarar ta zama ƙarama a kuɗin yau, amma ɗaurin yana nan yadda yake.

Alamu kuma sun nuna ana ƙara matsa lamba. A 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar cewa daga 2027 makarantar da malamanta ba su da shaidar TRCN ba za a amince da ita ta zama cibiyar manyan jarrabawoyin sakandare ba. Wannan umurni bai ambaci gidajen reno ba, amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Takarda ta biyu: rajistar kasuwanci

Gidan reno kasuwanci ne, saboda haka yana bukatar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 wadda ta maye gurbin ta 1990. Mai ƙaramin ƙarfi na iya rajistar sunan kasuwanci kawai. Mai son raba dukiyarsa da ta gidan kuwa sai ya kafa kamfani, kuma sabuwar dokar ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Bambancin yana da nauyi a sana'ar da ake riƙe rayukan 'ya'yan mutane. Idan aka yi ƙarar mai sunan kasuwanci, dukiyarsa ta kansa tana cikin abin da za a iya taɓawa. Mai kamfani kuwa a bisa ƙa'ida alhakinsa ya tsaya ne ga hannun jarinsa.

Wannan takarda ita ma ana ciyar da ita. Mai sunan kasuwanci zai miƙa wa CAC rahoton shekara kafin ƙarshen watan Yuni na kowace shekara, in ban da shekarar da aka yi rajistar. Wanda ya yi sakaci tara za ta yi ta taruwa a kansa, a kuma nuna kasuwancinsa a matsayin wanda ba ya aiki. Galibi ba a gane wannan sai ranar da aka je banki neman rance, ko wata ƙungiya ta nemi takardu kafin ta ba da tallafi.

Takarda ta uku: iznin buɗe gida

Ilmi yana cikin al'amuran da Gwamnatin Tarayya da jihohi suka yi tarayya a kansu. Tarayya ke shimfiɗa ma'auni, jiha ke ba da izni. Ga mutumin Azare ko Cinade ko Madara, ƙofar da zai ƙwanƙwasa ita ce Ma'aikatar Ilmi ta Jihar Bauci. Tsarin da aka saba bi a jihohin ƙasar nan shi ne a rubuta takardar nema, a haɗa da takardar CAC, da shaidar mallakar wuri ko yarjejeniyar haya, da takardun shugaba da na malamai. Sa'an nan jami'ai su zo su duba wurin da idonsu. Idan sun gamsu a ba da iznin wucin gadi, daga bisani a ba da cikakke, a kuma riƙa sabuntawa bisa wa'adi da kuɗin da jiha ta yanke. Mai karɓar jarirai ya kamata ya haɗa da sanar da Ma'aikatar Harkokin Mata da Ci Gaban Yara, tun da jin daɗin yara yana ƙarƙashinta ne.

Abin da jami'ai ke dubawa ba ɓoyayye ba ne. A 2007 Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya, wato NERDC, tare da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin cibiyoyin renon yara. Cikin abubuwan da ake nema akwai wuri mai shinge wanda yake nesa da haɗari da ƙazanta, da ɗakuna masu iska da haske, da ruwan sha mai tsabta, da makewayi daidai da ƙarfin yara, da filin wasa, da akwatin taimakon gaggawa, da littattafan aje bayanai. A gari irin Azare, inda zafin watannin Maris zuwa Mayu yake da tsanani, ɗaki mai rufin kwano ba silin, mai taga ɗaya, haɗari ne ga jariri ko da jami'i bai ce komai ba.

Ta fuskar kare yara kuma, Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003 ta tanadi a riƙa rajistar masu renon yara 'yan ƙasa da shekara shida, a kuma riƙa duba wuraren da suke aiki. Jihar Bauci ta sami tata dokar kare yara a watan Disamba na 2023. Duk shugabar gidan reno ya kamata ta nemi kwafin dokar jihar ta karanta, domin ita ce za a auna ta da ita in wani abu ya sami yaro a hannunta.

Lissafin da ke bayan ƙa'ida

Manufar ilmi ta 2013 ta ƙayyade mai reno ɗaya ga jarirai 10, malami ɗaya kuma ga yara 25 a ajin nazare. Bari mu auna wannan da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. Idan mai reno tana karɓar haka a wata, kowane jariri yana cin naira 7,000 na albashi, yaron nazare kuwa naira 2,800. Wato jariri ya ninka ɗan nazare sau biyu da rabi a tsada, tun kafin a zo ga haya da ruwa da wuta da sabulu. Wanda ya yanka kuɗi ɗaya ga kowa, to, iyayen manyan yara ne ke biya wa na jarirai, ko kuma shi ne ke biya daga aljihunsa bai sani ba.

Gaskiya ne dokar albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Amma malama mai NCE da lasisi tana da zaɓi, kuma ranar da aka buɗe ɗaukar malaman gwamnati za ta tafi. Nan ne babban haɗarin mai jarin da ba shi da shaidar koyarwa: takarda ta farko ba tasa ba ce, a cikin jakar ma'aikaciyarsa take, kuma tana iya fita da ita ta ƙofa. Maganin wannan abu uku ne. A rubuta yarjejeniyar aiki wadda ta ƙunshi sanarwar zango guda kafin barin aiki. A ɗauki nauyin sabunta lasisin shugaba a matsayin wani ɓangare na haƙƙinta. Sa'an nan a riƙa horar da mataimakiya mai shaida, domin kada gida ya wayi gari ba mai riƙe shi.

Jarabar da ke kama masu wannan sana'a ita ce cusa yara fiye da ƙa'ida, ko sallamar malama mai shaida a ɗauko yarinyar da ta gama sakandare a kan rabin albashi. Ribar wannan tana bayyana nan take, asararsa kuwa sai daga baya. Shekarar karatu zango uku ce. Idan aka rufe gida zango ɗaya, sulusin kuɗin shiga na shekara ya tafi, alhali an riga an biya haya, kuma iyayen da suka mai da 'ya'yansu wani wuri ba lalle su dawo ba.

Darasi daga maƙwabta

Kada mai karatu ya zaci izni abu ne da in an bayar an gama. A watan Janairu na 2022, bayan kisan wata yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantar da take zuwa ya yi a Kano, gwamnatin jihar ta janye takardun iznin dukkan makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. A watan Yuli na wannan shekara Jihar Filato ta soke rajistar makarantunta masu zaman kansu, ta ce kowa ya sake nema. A watan Agusta na 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta sake umurtar a sabunta rajista. A irin wannan rana laifin mutum ɗaya kan shafi kowa, kuma wanda ke fita da wuri shi ne wanda fayil ɗinsa yake a cike tun kafin a tambaya.

Fayil ɗin nan ya ƙunshi rajistar shigar yara da kwafin takardar haihuwa, da littafin da ke nuna wanda ya kawo yaro da wanda aka yarda ya ɗauke shi, da littafin rashin lafiya da haɗari, da takardun kowane ma'aikaci har mai gadi, tare da sunan wanda ya tsaya masa. Haka kuma a aje kwafin katin rigakafin kowane yaro. Annobar mashaƙo ta 2023, wadda ta taɓa Kano da Yobe da Katsina da Bauci, ta nuna yadda cuta ke saurin bin yaran da ba a yi wa rigakafi ba, kuma babu inda yara ke cakuɗa kamar gidan reno.

Yadda ake yi a wata ƙasa

Wannan tsari na shaida da sabuntawa ba Nijeriya kaɗai ke da shi ba. A Jihar Kalifoniya ta Amurka akwai izni na musamman na daraktan shirin renon yara. Hanyar da aka fi bi wajen samunsa ita ce digirin farko, da kwasa-kwasan ilmin ƙananan yara, da na gudanar da mulki, da na sa ido kan ma'aikata, da kuma gogewar shekara guda a shugabancin cibiya. Iznin shekara biyar yake yi, kuma ba a sabunta shi sai an nuna shaidar awa 105 na ƙarin horo. Abin lura a nan shi ne sun ɗauki shugabanci a matsayin fanni mai zaman kansa. Shugabar gidan reno a Azare, ko da doka ba ta tilasta mata ba, za ta amfana ƙwarai in ta koyi aje lissafi, da tsara albashi, da jagorancin ma'aikata.

Masana tattalin arziki ma sun auna amfanin abin. Farfesa James Heckman na Jami'ar Shikago, wanda ya sami lambar Nobel a 2000, shi da abokan aikinsa sun bi diddigin wani shirin renon 'ya'yan talakawa da aka yi a Jihar Mishigan cikin shekarun 1960, suka ƙiyasta cewa jarin da aka zuba ya jawo wa al'umma ribar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara. Sai dai a wancan shiri malamai masu shaida ne ke riƙe da yara ƙalilan. Ribar daga ingancin reno ta fito, kuma ingancin nan shi ne takardun da muka lissafa suke ƙoƙarin tabbatarwa.

Abin yi

Mai niyyar shiga wannan sana'a ya bi matakan a jere. Ya fara samun shugaba mai NCE ko digirin koyarwa, mai rajista da lasisin TRCN da bai mutu ba. Ya yi rajista da CAC. Ya nemi shawarar jami'an ilmi a kan wurin kafin ya biya haya, domin gyaran gidan da bai dace ba ya fi canza shi tsada. Kada ya karɓi yaro ko ɗaya sai izni ya zo hannu.

Wanda ya riga ya buɗe kuwa, ya ɗauko takardunsa yau ya duba ranar da ke jikin kowacce. Ya rubuta ranakun a kalanda ɗaya a ofis: ƙarshen Yuni don rahoton CAC, ranar sabunta iznin jiha, da ranar ƙarewar lasisin kowane malami. Ya fara neman sabuntawa wata uku kafin wa'adi. Sa'an nan ya ware wani kaso daga kuɗin kowane zango a asusu dabam domin sabuntawa da horar da ma'aikata, ya lissafa shi cikin kuɗin gudanarwa kamar yadda yake lissafa haya da albashi.

Uwar da ta miƙa jaririnta da ƙarfe bakwai na safe ba ta da hanyar ganin abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa. Abin da take iya gani shi ne takardar da ke rataye a bango da ranar da ke jikinta. Saboda haka a rataye su inda kowa zai gani, kuma a tabbatar ranar ba ta wuce ba.